Kurciya Bulamar Dogon Yaro

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata kurciya ce a Gamboru. Ba Gamborun Ngala ta bakin iyakar Kamaru ba, wannan dai ta cikin Yerwa, mai kasuwa, wadda kogin Ngadda ke wucewa kusa da ita. A zamanin nan duk tsuntsun da ke son a ji shi, to kan dogon ƙarfen sabis yake hawa. Ƙarfe ɗaya ne, ya fi kowace bishiya tsawo, wanda ya yi kuka a kansa sai a ji shi har Bulumkutu. Mai ƙarfen wata Shirwa ce da babu wanda ya taɓa ganin sheƙarta. Ba ta karɓar ko ƙwayar gero a wajen kowa, sai dai tana lura da inda kowane tsuntsu ke kiwo da wanda yake shawagi da shi, ta sayar wa masu ɗana tarko labarin. Kuma ta tsara wurin yadda duk wanda ya fi hayaniya shi ke samun ƙarfen can sama. Hankaki suka gane haka da wuri.

Ran nan hankaki suka taru a kan Hasbiya, ƙanwar Kurciya, suka yi ta yi mata zambo har ta daina fita kiwo. Kurciya ta kai ƙara. Bayan kwanaki sai ga wani Kanari, yaron Shirwa, wanda ba ya jin Hausa, ba ya jin Barbarci, balle Larabcin Shuwa. Ya karkata kai ya saurari zagin, ya ji shi da daɗin sauti, ya ce an duba, ba a karya wata doka ba.

Akwai wani Aku a keji a rumfar mai cajin waya da ke bakin kasuwa. Shekarar 2021 ce, wadda aka kayar da turakun lantarki a hanyar Damaturu gari ya daɗe cikin duhu, don haka rumfar ba ta rabuwa da samari, janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako. Duk abin da suka faɗa Aku ya haddace. Kurciya ta sauka a kan kejinsa tana huci.

"Malam Aku, yanzu wannan adalci ne?"

"Ya Kurciya, ai ba ke kaɗai ba ce. 'Yan Adam ma suna da ƙarfensu, Twitter. Tun 5 ga watan Yuni gwamnati ta toshe musu hanyar hawa, kin ga samarin can suna ta neman ɓarauniyar hanya."

Toshewar ba ta ƙare ba sai 13 ga Janairun 2022. Mujiya, wadda ta girmi kowa a unguwar, ta ce wannan ai wasa ne, ita ta ga 2013 da aka ɗauke sabis gaba ɗaya a Barno tun daga watan Mayu, aka yi watanni sai mutum ya fita jihar kafin ya gaida ɗan'uwansa. Abin da ke rataye a wuri ɗaya, in ji ta, hannu ɗaya ke sauke shi.

Kurciya ta haɗiye maganar. Sai a watan Nuwamban 2022 Aku ya kira ta da wani sabon labari. Wani attajiri, Elon Musk, ya saye ƙarfen 'yan Adam ɗin ɗungurungum a kan dala biliyan 44, ya sallami ma'aikata da yawa, mutane na ta tserewa zuwa wani abu mai suna Mastodon, wanda wani matashi Eugen Rochko ya ƙirƙira a Jamus tun 2016.

"Wani ƙarfen ne?"

"A'a. Bishiyoyi ne barjat, kowace da mai ita da dokokinta. Zare ne kawai ya haɗa su. Kina kan taki, kina jin na kan waccan, yana jin ki. Ba mai iya saye su duka, ba mai iya rufe su duka."

To, in bishiya ake nema, Yerwa ba ta da talaucin dogon yaro. Zare kuwa sai Gizo. Kurciya ta same shi a ƙarƙashin wani teburin mai albasa yana hamma.

"Yanki ya daɗe, zaye ai ba wuya," in ji Gizo. "Zan shaƙa muku daga bishiya zuwa bishiya. Amma ki ji da kyau: ni zaye na shani. Abin da ya bi ta kanshi, gashkiya ko ƙayya, ba yuwana."

Ta ce ta ji. Da ta tsaya ta auna wannan magana da ta rage wa kanta mamaki daga baya, amma mai murna ba ya jin sharaɗi.

Haka aka yi. Kafin hunturu ya wuce zare ya tashi daga dogon yaron bayan kasuwar Gamboru ya kai Gwange, ya kai Shehuri, ya kai Hausari. Kowace bishiya ta naɗa Bulamanta, kamar dai yadda unguwannin garin suke da nasu. In za a kira tsuntsu sai a haɗa da bishiyarsa, a ce Carki na Gwange, Tattabara ta Shehuri. Ta bayan kasuwa Kurciya ce Bulama. Ta kafa doka a gindin bishiya: ba a taruwa a kan ɗaya, ba a tona inda wata ta ɓoye ƙwanta, wanda zai ba da labari mai tayar da hankali ya fara cewa ga abin da ke tafe, don mai raunin zuciya ya kauce. Hasbiya ta dawo tana kuka da safe kamar da. Kaji da zabi, waɗanda ba su taɓa iya hawa ƙarfen Shirwa ba, suka samu gindin bishiya suka zauna, aka sauko musu da zare.

Watanni biyu na farko daɗi ne zalla. Daga nan aiki ya fito da fuskarsa.

Bishiya tana da ci. Gara na cin saiwa, sai an biya Bushiya ta kore ta. Gizo yana son ƙudajensa duk ƙarshen wata, in an yi jinkiri zare ya soma yin sanyi, magana ta kwana a hanya. Kurciya ta rataye ƙoƙo a reshe, ta ce kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa. Masu jefawa ba su kai yatsun ƙafarta ba, kuma kullum su ɗin ne dai. Ragowar gibin daga tsintar da take yi a layin masu gero take cikewa.

Sannan ƙararraki. Tun kafin ladanin masallacin kasuwa ya yi kiran farko an fara layi. Wannan ta ce waccan ta yi mata habaici. Waccan ta ce ita karin magana kawai ta yi, wanda ya tsargu shi ya sani. Doka ta hana zagi, amma wa ya taɓa rubuta dokar da ta kama habaici? Kurciya ta san yaren, ta san masu yinsa, ta san kakar wa ta yi faɗa da kakar wa, abin da Kanarin Shirwa ba zai taɓa sani ba. Wannan sanin shi ne amfaninta, shi ne kuma wahalarta, don duk wanda ta yanke wa hukunci gobe da shi za ta sha ruwa a kwata ɗaya.

Babu wadda ta fi Suda damunta. In Kurciya ta kori mai laifi, Suda ta ce an zama Shirwa. In ta yi masa afuwa, Suda ta ce bishiya ba ta da mai ita. Ƙoƙon kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Sai Jemage ya zo neman reshe. Aka yi kwana da kwanaki ana gardama. Wasu suka ce mai haƙori da kunne ba tsuntsu ba ne. Wasu suka ce ai yana tashi. Suda ta ce wanda ke kwana kai a ƙasa, ta yaya za a san inda ya dosa? Kurciya ta duba dokar da ta kafa, ba ta ga inda ta ce sai mai gashin tsuntsu ba. Ta ba shi wani busasshen reshe can gefe, kusa da kogon Mujiya. Tattabaru uku suka yi fushi suka koma Shehuri, kuma wannan ita ce ƙofar da ƙarfen Shirwa ba shi da ita: wanda bai yarda da Bulama ba yana iya tashi ba tare da ya rasa abokan hirarsa ba.

A farkon 2024 fara ta sauka. Da ma Kurciya ta bar bishiyarta a buɗe, duk wanda ya zo ya hau. Dare ɗaya aka wayi gari kowane ganye da fara a kai, dukkansu suna maimaita kalma ɗaya ta cikin zare, har ta kai wanda ke Hausari ba ya jin muryar matarsa. Bulamomin wasu bishiyoyi suka aiko cewa in ba a share ba za su tsinke zarensu da Gamboru. Aku ya ce 'yan Adam ma haka ta same su a watan Fabrairun nan, aka bi ƙananan zaurukan Mastodon da masu su suka bar ƙofa a buɗe suka yi barci, aka cika su da saƙonnin banza. A Yerwa dai fara ba ta yin asara, matan da ke soya ta da yaji sun yi ciniki a makon. Amma Kurciya ta kwana uku tana tsince ta ɗaya bayan ɗaya, kuma daga ranar ta sa ƙofa: baƙo sai ya tsaya a ƙasa ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Ta kuma yarda, bayan dogon ja, cewa ba za ta iya ita kaɗai ba. Ta roƙi Mujiya ta riƙe dare.

"Kaka, idona ya gaza."

"'Yar nan, tun bara nake jiran ki faɗa."

Babbar rigima daga bakin kogi ta taso. Akwai wata bishiya a can da Zalɓe ke wa Bulama. Zalɓe dattijo ne mai tsayuwa da ƙafa ɗaya yana kallon ruwa, dokarsa guda ce: kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Balbelu ne mazauna wurin tun asali, masu kunya da fararen kaya. Da hankaki suka ji babu mai tsawatawa sai suka tare can. Suka dawo kan Hasbiya ta cikin zare. Abin bai ishe su ba, ran wata kasuwa da hantsi babban Hankaka ya kwarara ihu cewa an ga mai ɗauke da bam a layin masu tattasai. A garin da kunnensa ya san wannan ƙara, irin wannan ba wasa ba ne. Tsuntsaye suka tashi a gigice, ƙwai suka zube, wata zabuwa ta faɗa ƙarƙashin Keke Napep. Ba komai a layin tattasai sai tattasai. Da damina ta kankama ya sake yi, ya ce ruwa ya taho, a gudu. Kaji suka kwana a kan katanga, ruwa bai zo ba.

Kurciya ta tashi takanas ta je wajen Zalɓe.

"Wushe, Baba Bulama. Yaranka suna kashe mana 'ya'ya."

"Wushe, 'yata. Ni ban aiki kowa ba. Wanda bai son ji ya toshe kunne."

Ta dawo ta tara jama'a. Hasbiya da kaji suka ce a tsinke zaren bakin kogi yau ɗin nan. Aku, da aka tambaye shi, ya ce an yi haka a 2019, lokacin da wani zaure mai suna Gab, matattarar masu ƙin jinin wasu jinsuna, ya shigo cikin zaren 'yan Adam, masu zauruka da yawa suka yanke hulɗa da shi. Amma Tsattsewa ta fashe da kuka, ta ce aminiyarta balbela ce, in an tsinke ba za ta ƙara jin ta ba, kuma balbelu ba su zagi kowa ba. Abin da ke sa hukuncin nan nauyi ke nan: zare bai san Hankaka da Balbela ba, bishiya kawai ya sani. Suda, wadda jiya ta ce Kurciya ta cika sanyi, yau ta ce wa ya ba tsuntsuwa ɗaya ikon zaɓar wa kowa wanda zai saurara?

Tambayar tana da kyau, ko da daga bakin Suda ta fito.

Mujiya ce ta kawo tsaka-tsaki. Ta ce kar a tsinke, a kwance zaren daga tsakiyar bishiya a ɗaura shi a bakin kogonta. Mai son jin bakin kogi ya tako da ƙafarsa ya ji, wanda bai so ba ba zai ji ba, sai in Bulama ta ga ya kamata a sanar da kowa. Aka yi haka. Hasbiya ta ce an yi kaɗan, Tsattsewa ta ce an yi yawa, hankaki suka yi ta shela cewa Gamboru ta zama kurkuku. Bishiya dai ta samu barci.

Sai daren Litinin, 9 ga Satumban 2024.

An sha ruwa a daminar nan. Can tsakar dare zaren bakin kogon Mujiya ya soma rawa. Ta kara kunne. Muryar babban Hankaka ce, a shaƙe: madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya taho gari, a tashi kowa.

Mujiya ta yi shiru. Ta san madatsar, tun da aka gina ta a shekarun 1980 take can kudu maso gabashin gari tana riƙe Ngadda, ta kuma ga 1994 da ruwanta ya shigo Yerwa. Ta san abin yana iya yiwuwa. Ta kuma san bakin da ya faɗa. Ta nemi muryar wata balbela a zaren ko ta Zalɓe, babu, sai kururuwar hankaki. Ta taɓa zaren Gwange, shiru, Bulaman can yana barci ba shi da mai riƙe masa dare. In ta tashi bishiya a karo na uku a kan ƙarya, ran da gaskiya ta zo ba wanda zai motsa. In kuwa yau ce ranar fa?

Ta zunguri maƙwabcinta. "Ɗan nan, kai ne mai gani a duhu. Bi kogi ka dubo mini."

Jemage ya saki reshe ya tafi. Mujiya ta tashi Kurciya, suka zauna suna jira, kowace tana kallon gabas. Kurciya ta ce ko dai a tashi na ƙasa su hau katanga, in ƙarya ce a ba su haƙuri? Mujiya ta ce a ɗan ƙara jira. Ba a san tsawon lokacin ba, amma da Jemage ya dawo bai ko sauka ba, daga sama ya yi ihu cewa Fori ta nutse, ruwa yana cikin Gwange.

Suka buga kowane zare da suke da shi. Shehuri ta ji, Hausari ta ji, tattabarun nan uku da suka yi fushi su ne suka tashi rabin unguwarsu. Masu fiffike suka tsira. Zabi suka haye rufin rumfuna. Bushiya ta maƙale a kan buhun gawayi. Kaza ta hau katanga da 'yan tsaki huɗu, ta koma ɗebo sauran, ruwa ya riga ta.

Gari ya waye Talata ruwa ya shafe kasuwa, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, mutane dubu ɗaruruwa sun bar gidajensu, wasu a kan rufi suna jiran kwalekwale. Gidan zu na Sanda Kyarimi ya cika, hukumar wurin ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, ruwa kuma ya kwaso kadoji da macizai ya shigo da su unguwanni. Aka ga Jimina tana ratsa titi ruwa har cinya.

Kwanakin da suka biyo baya Kurciya da Mujiya ba su runtsa ba. Zare ya cika da neman 'yan'uwa, da labarin inda ake rabon abinci, da ƙarya iri-iri. Kowane sa'a sai wani ya ce ya ga Zaki a bayan masallaci. Jemage ya je ya dawo, ya je ya dawo, har fiffikensa ya tsage. Wani Kada ma ya zo gindin bishiya, ya yi sallama da ladabi, ya ce ruwa ne ya kawo shi, yana neman a sauko masa da zare ya riƙa jin hira kamar yadda aka yi wa kaji. Kurciya ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi, kamar kowane baƙo. Ya ce son zumunci. Yana faɗa yana kallon 'yan tsakin da ke kan katanga. Wannan ƙara dai ba ta ɗauki lokaci ba, ko Suda ba ta ja ba.

Da ruwa ya janye Kaza ta zo har bakin kogo.

"Kaka, da kin yi ihu tun da kika ji, da 'ya'yana suna nan."

"Haka ne," in ji Mujiya.

"To me ya hana ki?"

"Zabuwar da Keke ya take."

Kaza ta daɗe tsaye. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tara 'yan tsakinta huɗu ta koma wata bishiya a Hausari, inda Bulaman ya tsinke zaren bakin kogi tun tuni, bai kuma ji labarin ruwa a daren ba sai ta Gamboru.

Dogon yaron kansa bai tsira ba. Ruwa ya zaizaye saiwarsa, ya karkata ya jingina da wata rumfa, mai rumfar ya fara zancen gatari. Kurciya ta rame, wuyanta ya zube. Ta so ta tashi cikin dare ta bar kowa da kowa. Aku, wanda mai caji ya gudu da kejinsa a ka ranar ruwa, shi ya tsayar da ita. Ya ce masu zaurukan 'yan Adam suna da wani alkawari da suka fitar a 2019: mai zaure ya riƙa tsawatawa da gaske, ya riƙa ajiye kwafin kayan jama'a kullum, ya ba wani mutum na biyu makulli saboda ɓacin rana, in kuma zai rufe ya ba da sanarwar wata uku.

"Ya Kurciya, na farko da na uku kin yi. Kar ki ɓata da na ƙarshe."

Ta ba da wata uku. Aka samu wani matashin dogon yaro can kan tudu. Gizo ya ce zai mayar wa kowa da zarensa, duk mai jin ka a da zai ci gaba da jin ka a sabon wuri, amma sheƙa ba ta bin zare, wanda ya gina tasa shekara biyu sai dai ya bar ta. Aka yi ta kuka a kan sheƙuna, aka tashi.

Saura Bulama. Kurciya ta ce ita ta sauka. Aka dubi Mujiya, ta ce dare ya ishe ta. Aka dubi Hasbiya, ta sunkuyar da kai. Sai Kurciya ta ce akwai wadda ta fi kowa sanin yadda ya kamata a yi, tun ranar farko take faɗa. Kafin Suda ta buɗe baki an ɗaura mata rawani.

Washegari tun duhu layi ya kai gindin bishiya. Gizo na gaba, yana bin ƙudajen wata biyu. Bayansa ɗan aiken Hankaka, wai tunda shi ya fara faɗin gaskiya a daren ruwa, a mayar da zarensa tsakiyar bishiya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Bayansa Hasbiya, wai in aka yi haka ita ta bar wurin. Bayanta Tsattsewa. Ƙoƙo na reto a reshe, ƙwayar gero biyu a ciki. Can ƙarshen layi kuma ga Kurciya, ta yi barci ta ƙoshi, gashinta ya kwanta luf.

Suda ta leƙo da jajayen idanu. "Yaya, ke kuma lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ƙara na kawo. Wata ce ta yi mini habaici."

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.